Tsohon Zarton Inji Mai Yawan Mutuwa

Da wuya matashi ya fara sana'ar yankan itace da sabon zarton inji. Sabo na maigida ne, shi ke riƙe shi, shi ke kulle shi a ɗaki da dare. Abin da ke faɗowa hannun yaro shi ne tsohon da ya sha daji, fenti ya koɗe, igiyar tayarwa duk ƙulli, murfin sama an ɗaure shi da waya. Irin wannan zarto yana da hali ɗaya da ya fi nauyin gungume gajiyar da mutum: ya tashi, ya yi ruri, a ɗora shi kan itace, ya ɗauke. A yi ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, ya sake tashi, ya sake mutuwa. Rana tana yi, mai itace yana tsaye yana jira, kuɗin yini yana zagwanyewa.

A nan ne matasa da yawa ke tafka kuskuren da ya fi kowanne tsada a wannan sana'a. Sai a zaro sukundireba a doshi kafireta, a murɗa wannan sukuru, a murɗa wancan, har injin ya daina mutuwa. Yakan daina ɗin kuwa, na ɗan lokaci. Amma an toshe bakin maras lafiya ne don kada a ji nishinsa, ciwon yana nan yana ci. Zarto ba ya mutuwa haka siddan. Wanda ke ɗaukewa da zarar an taɓa totur daban, wanda ke mutuwa bayan ya yi zafi daban, wanda ke mutuwa in an karkata shi gefe daban. Shi ya sa bakaniken da ya san aikinsa, kafin ya ɗauki sifana, zai fara tambaya: "Yaushe yake mutuwa?" Yaron da ya iya amsa wannan tambaya dalla-dalla ya riga ya yi rabin gyaran.

Tsufan zarto ba aibi ba ne. Andreas Stihl, wani injiniya Bajamushe, ya ƙera zartonsa na lantarki a Stuttgart a 1926, ya fito da mai amfani da fetur a 1929, kuma duka biyun sai mutum biyu ke iya sarrafa su. A 1959 kamfaninsa ya fito da Contra wanda mutum ɗaya ke ɗauka, a shekarar da kamfanin Husqvarna na Suwidin shi ma ya shiga ƙera zarto. Samfurin Stihl 070 da ya biyo baya a 1968, mai girman silinda cc 106, har yau shi da kwaikwayonsa na ƙasar Sin su ne ƙashin bayan masu tsaga katako a dazuzzukan Afirka ta Yamma. Ƙirar da ta haura shekara hamsin tana aiki ba ta daɗe don sa'a ba. Ta daɗe ne don kayanta kaɗan ne, kuma kusan duk abin da ya lalace a jikinta mutum zai iya ganinsa da ido, ya kwance, ya sauya.

Kafin komai, ya kamata matashi ya fahimci irin injin da ke hannunsa. Dangin ƙaramin janareta ne da ake zuba wa man 2T a cikin fetur. Ba shi da rumbun baƙin mai a ƙasa irin na mota. Man da ke shafa fistin da beyarin yana shigowa ne tare da fetur, ya ratsa cikin injin, ya ƙone. Wannan magana ɗaya ta ɗauke rabin abin da za a faɗa a nan: duk abin da ya rage wa injin fetur, ya rage masa man shafawa, ya kuma ƙara masa zafi. Matsakaicin zarto na zamani yana juyi kusan sau 12,000 a minti, wato fistin yana hawa da sauka sau 200 a daƙiƙa ɗaya. Manya irin 070 ba sa gudu haka, amma ko su, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe da saurin da ido ba ya kamawa. Minti kaɗan na ƙarancin mai ya isa ya kashe inji.

Saboda haka bincike daga tanki yake farawa, kuma nan ne ya fi araha.

Kamfanin Stihl ya ce a haɗa kashi 50 na fetur da kashi 1 na man 2T mai inganci, wato mililita 20 a lita guda, ko mililita 100 a lita 5. Littattafan tsofaffin zartuna da yawa sun ce in ba a samu man kamfanin ba a yi 25 da 1, wato mililita 40 a lita. Ma'aunin ido ba ma'auni ba ne, murfin kwalba ma haka. Sirinji mai cin mililita 20 daga kemis, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya raba gardama: sirinji ɗaya, lita ɗaya. A haɗa a cikin jarka mai tsabta a girgiza sosai, ba a cikin tankin zarto ba. Baƙin man mota ba ya maye gurbin man 2T, domin ba a yi shi don ƙonewa ba. Yana barin toka da gawayi a kan fistin da fulogi da salansa. Cika man da yawa don tsoro shi ma yana da nasa sharrin, hayaƙi ne da fulogi mai danƙo da injin da ke tari.

Shi kansa fetur ɗin yana lalacewa. Haɗaɗɗen mai in ya wuce kwana 30 a ajiye, ɓangarensa mai saurin kamawa ya gudu, saura ya fara zama danƙo mai toshe ƙananan kafofin kafireta, kuma zafin Maris da Afrilu yana gaggauta haka. Ga kuma batun inda aka sayo shi. Mai aikin daji sau da yawa ba shi da gidan mai kusa, sai kwalaben bakin hanya, kuma ba kowane galan ba ne ya tsira daga ruwa ko kalanzir ko tsatsar durom. Ko a gidan mai ma an taɓa gani. A Fabrairun 2022 hukumomi a Najeriya sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, layukan mai suka miƙe a Abuja da Legas, masu motoci da dama suka koka da lalacewar injinansu. Abin da ya wahalar da injin mota, ƙaramin inji mai tantanin roba a kafireta ba zai sha da daɗi ba. Gwajin ba wuya: a juye abin da ke tanki cikin farar kwalba, a ajiye minti goma. Ruwa zai kwanta a ƙasa, ya yi layi. Tsohon mai yakan yi duhu, warinsa ya koma tsami. In an ga ko ɗaya, a zubar, a haɗa sabo, a sake gwadawa kafin a kwance ko noti ɗaya. Zartuna da yawa da aka yanke wa hukuncin kafireta, nan ciwonsu ya tsaya.

Fulogi abu na biyu, kuma shi mai ba da labari ne. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa mai haske, haɗin mai da iska daidai yake. In ya yi baƙi ya jiƙe, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In ya yi fari fat, ko ana ganin ɗigon ƙarfe a jikinsa, injin yana ƙonewa da yunwa, kuma wannan ne abin tsoro. Tazarar bakinsa milimita 0.5 ce a yawancin zartuna, kuma ana sauya shi bayan aikin awa 100 ko kusa da haka. Sai matatar iska. Garin katako ya haɗu da ƙurar hunturu ya haɗu da mai, sai su yi laka a kanta, injin ya kasa numfashi, ya riƙa hayaƙi yana shaƙewa. A lokacin ƙura kullum ake duba ta. A rufe cok kafin a cire ta, don kada datti ya faɗa maƙogwaron kafireta. Wanda ya cire ta ya jefar don "injin ya samu iska" ya buɗe wa yashi ƙofar silinda.

In mai sabo ne, fulogi lafiya, matata tsaf, amma zarto bai daina ba, to lokacin sauraro ya yi.

A ɗauki zarton da ke tashi da sanyin safiya lafiya lau, ya yi aiki minti biyar ko goma, sannan ƙarfinsa ya riƙa raguwa har ya mutu, in an bar shi ya huta ya sake tashi. Abubuwa biyu ne suka fi yin haka, kuma raba su ba ya cin ko kwabo. Tanki yana da 'yar ƙaramar mashaƙa da iska ke shiga ta cike gurbin man da aka sha. In ta toshe, sai tankin ya riƙe mai ya hana shi fita. Da zarar injin ya mutu, a kwance murfin tanki a hankali a kasa kunne. In an ji iska ta shiga da 'yar ƙara, aka rufe aka ja ya tashi nan take, mashaƙar ce. Ɗayan kuma koyil ne, mai ba fulogi wuta. Tsohon koyil yakan yi aiki da sanyi, ya ɗauke in ya yi zafi, saboda siririyar wayar cikinsa ta tsage, zafi na buɗe tsagar. Hanyar kama shi ita ce a gwada wuta a lokacin da injin ya mutu yana da zafi, ba bayan ya huce ba: a cire fulogi, a mayar masa da hularsa, a danna jikinsa a ƙarfen silinda nesa da ramin fulogi, a ja igiya. Shuɗiyar wuta mai ƙarfi ake nema. A yi wannan nesa da jarkar mai, a kuma goge duk man da ya zube. Kafin a sayi sabon koyil a duba wayar makashi, domin in ta goge tana taɓa ƙarfe, tana kashe inji kamar an danna makashin. Tsofaffin zartuna masu kwantak da kwandensa kuwa, sau da yawa goge bakin kwantak da sauya kwandensa ya wadatar.

Akwai na uku da ake mantawa da shi: zafi zalla. Zarto ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi ta tsakanin haƙarƙarin silinda. In garin katako ya cushe su, injin zai yi ta dahuwa har man ya tafasa a cikin kafireta. Tsinke da buroshi su ne maganinsa.

Wanda ke silo lafiya amma ya shaƙe da zarar an matsa totur, yunwa ce ke damunsa ko kuma toshewar mafita. A cikin tanki akwai matatar mai a ƙarshen siririn tiyo. Da lanƙwasasshiyar waya ake kamo ta. In ta yi baƙi ko ta yi tauri, sauyawa ake yi, ba wanki ba. Shi tiyon, shekaru da fetur suna sa shi ya bushe ya tsattsage, ko ya yi laushi ya manne in injin ya ja mai da ƙarfi. A lanƙwasa shi a rana a duba da kyau, tsagar da ke kashe zarto takan fi gashi sirantaka. Akwai gwaji mai sauƙi da tsofaffin hannu ke yi: a ɗan rufe cok rabi a matsa totur. In injin ya farfaɗo, mai ne ba ya isa. In ya ƙara shaƙewa, matsalar tana wani wuri, kuma wuri na farko da za a leƙa shi ne salansa. Wasu zartuna suna da 'yar raga a bakinta mai tare tartsatsi, gawayi kan like ta. Zarton da aka ajiye wata da watanni a zaure kuwa, ba abin mamaki ba ne a tarar zanzaro ya yi gini da laka a cikin bakin salansa. Injin da hayaƙinsa bai fita ba, sabon mai ba zai samu wurin shiga ba.

Sai bayan wannan duka ake isa ga kafireta, kuma ko a nan wanki da sauya roba ne a gaba, murɗa sukuru a baya. Kafiretar zarto ba ta da ƙoƙon mai irin na babur, domin zarto yana aiki a tsaye, a kwance, har a kife. Tantanin roba biyu ne ke aikin, ɗaya yana famfon mai, ɗaya yana auna shi. Sunayen da aka fi gani a jikinta su ne Walbro da Tillotson da Zama, kuma lambar da ke kusa da sunan ita ake kai wa mai sayar da kaya, ba sunan zarto kaɗai ba. Tantanin da ya tsufa yakan bushe, in an taɓa shi ya yi ƙaras-ƙaras, alhali sabo laushi gare shi. A cikinta kuma akwai 'yar raga ƙarama da datti ke taruwa a kai. Wanda zai buɗe ta ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗauki hoto da waya a kowane mataki, domin jerin tantani da gaskit na gefe ɗaya ba irin na ɗaya gefen ba ne, kuma akwai siririn sifirin da in ya yi tsalle cikin yashi an rabu ke nan. Ba a tsokanar kafofinta da allura ko waya. An auna faɗinsu a masana'anta, in an buɗa su ba sa komawa.

Yanzu ga ciwon da ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne ke kai tsofaffin zartuna bola.

Injin irin wannan dole cikinsa ya kasance a rufe ruf, ta kafireta kaɗai iska za ta shiga. A gefe biyu na karanshaf akwai zobban roba, wato sil, akwai wuyan roba tsakanin kafireta da silinda a samfura da yawa, akwai gaskit a gindin silinda, akwai kuma ƙaramar hanyar da ke kai bugun iska ga famfon kafireta. Duk waɗannan roba ne ko takarda, kuma shekaru da zafi suna cinye su. In ɗaya ya ɓule, iskar sata takan shiga, haɗin ya tsinke, mai ya yi kaɗan. Alamunsa ba sa ɓuya ga mai lura. Silo ba ya zama wuri ɗaya, ya hau ya sauka. In an saki totur, injin ya daɗe yana kuka kafin ya sauko. In an kwantar da zarton a gefensa, kamar yadda ake yi wajen kayar da itace, muryarsa ta canza ko ya mutu. An saita shi da safe, da azahar ya sake rikicewa.

Abin da ya sa wannan ciwo ke da mugunta shi ne yana yaudara. Injin da mai ya yi masa kaɗan yakan yi kuka mai kaifi, ya yi gudu fiye da da, har yaro ya ɗauka zartonsa ya samu lafiya, ya ce, "Oga, ji yadda yake ja yau!" Alhali a ciki fistin yana zafi yana kumbura, man shafawa ya ƙafe, alminiyon ya fara narkewa yana mannewa a bangon silinda. Kafin yamma sai igiya ta ƙi jawuwa, ko ta jawu sakayau babu matsi. Sil biyu masu araha sun jawo sayen fistin da silinda, wanda a tsohon zarto yakan kusa kuɗin zarton kansa. Matashin da ya ga waɗannan alamu ya kashe inji nan take, ko da aikin ya rage gungume ɗaya. Tabbatar da yoyon sai da kayan aiki: a toshe mashiga da mafita, a hura iska har matsinta ya kai kimanin rabin bar, a ga ko ma'auni zai tsaya, a shafa ruwan sabulu a ga inda zai yi kumfa. Wannan aikin bakanike ne, kuma babu kunya a kai masa. Kunyar tana ga wanda ya ji alamun ya yi ta buɗe sukuru don ya danne su.

Su sukurorin guda uku ne. Mai alamar L na ƙaramin gudu ne, mai H na babban gudu, na ukun kuma, wanda Stihl ke rubuta wa LA, Husqvarna kuma T, shi ke riƙe silo. A tsofaffin kafiretoci da yawa ana farawa ne da rufe L da H a hankali har su taɓa ƙasa, ba tare da dannewa ba don kada bakinsu ya lalace, sannan a buɗe kowanne kimanin zagaye ɗaya. Daga nan gyara kaɗan-kaɗan ne, rubu'in zagaye ma ya yi yawa, kuma sai injin ya yi ɗumi, matatar iska tana da tsabta, sarƙa tana ɗaure daidai. H shi ne mai haɗari. In an matsa totur duka a sarari, zarto mai lafiya yana da 'yar gargada a muryarsa, wadda ke washewa da zarar sarƙa ta shiga itace. In gargadar ta ɓace, ya koma kuka siriri, an matse H da yawa, a buɗe. Gara zarto ya ɗan yi hayaƙi da ya ƙone.

Shi kuwa sukurun silo, laifin da ake yi da shi a jikin mutum yake ƙarewa. Yawancin zartuna suna silo tsakanin juyi 2,500 da 2,800 a minti, kuma a wannan gudu kuloci bai kama ba, sarƙa a tsaye take cik. Mai son zartonsa ya daina mutuwa sai ya ɗaga silo har sarƙa ta riƙa zagayawa ita kaɗai. Sannan ya ajiye shi a ƙasa yana kunne, ko ya ɗauke shi ya tsallaka reshe. Sarƙar da ke gudun kusan mita 20 a daƙiƙa in an matsa totur, ko a hankali take tafiya tana yanka cinya. Tsofaffin zartuna da yawa kuma ba su da birkin sarƙa, domin sai a shekarun 1970 aka fara sa shi. In an sauke silo yadda ya kamata amma sarƙa ba ta tsaya ba, sifirin ɗin kuloci ya saki ko ya karye, kuma zarton bai kamata ya shiga daji ba sai an sauya shi.

Akwai kuma zarton da ake zargin injinsa alhali laifin yana gaba, a kan sarƙa. Shi ne wanda ke gudu lafiya a sarari amma ya durƙushe in ya shiga itace. A dubi abin da yake zubarwa. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya, dakusasshiya tana fitar da gari, mai aiki ya yi ta dannawa da ƙarfi, injin ya gaji. Kirya da marke suna da tauri, giginya tana da zare mai cin haƙori, ɓawon itacen da ya sha ƙura kuma cike yake da yashi, taɓa ƙasa sau ɗaya ma ya isa ya dakushe sarƙa. Girman magagari ya danganta da sarƙa, milimita 5.2 ga mai lamba 3/8 ta Stihl, 5.5 ga babba mai lamba .404. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu mai iyakance zurfin cizo, wanda a yawancin sarƙoƙi ya kamata ya yi ƙasa da haƙori da kimanin milimita 0.65. Wasu sukan goge shi sosai don zarto ya "ci da yawa". Sakamakon shi ne sarƙa ta cafki itace fiye da ƙarfin inji, ya mutu, ko kuwa zarton ya yi tsalle ya dawo kan mai shi. Sarƙar da aka ɗaure tamau, ko wadda man shafawa ba ya isa gare ta, ita ma tana riƙe inji. A nuna bakin zarto ga sabon kututture a ɗan matsa totur, ya kamata a ga siririn layin mai. Ƙonannen baƙin man mota da ake zubawa don araha yana ɗauke da garin ƙarfe mai cin famfon mai, ga shi yana cutar da fatar mai taɓa shi kullum.

In duk wannan bai yi ba, saura matsi. A riƙe zarto ta igiyar tayarwa a sake shi. Mai matsi zai riƙa sauka da tsayawa-tsayawa, wanda ringinsa ya ƙare zai zame ƙasa sululu. Mai ma'auni zai ga lafiyayyen zarto yana ba da kusan psi 150, in ya faɗo wajen 100 tashi da silo sun zama wahala. Hanya mafi gaskiya ita ce a kwance salansa a haska tocila a kalli fistin. In sumul yake yana sheƙi, alhamdu lillahi. In an ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa, ya taɓa ƙonewa. Kuma sa sabon fistin ba tare da an gano abin da ya ƙona tsohon ba asarar kuɗi ce, domin yoyon da ya ci na farko yana nan yana jiran na biyu. Wannan duba na fistin ya kamata duk mai shirin sayen zarto na hannu ya yi shi kafin ya miƙa kuɗi, mai sayarwar da ya hana a kwance salansa kuma ya ba da amsa ke nan.

Yawan tayar da inji a lokacin bincike yana sa mutum ya yi sakaci, shi ya sa wannan gargaɗi ya zama dole. A ƙasa ake tayar da zarto, ƙafar dama a cikin mariƙin baya, hannun hagu a kan na gaba, ba a wurga shi ƙasa da hannu ɗaya ana fizgar igiya da ɗaya ba. A matsa aƙalla mita 3 daga inda aka zuba mai. Ba a gwada shi a cikin shago ko ɗaki a rufe, hayaƙinsa yana da iskar guba maras wari irin wadda ke kashe iyalai masu kwana da janareta. Ƙararsa ta haura desibel 100, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa; abin toshe kunne ya fi fulogi araha.

Gyaran zarto kuma ba izinin sara ba ne. Ƙasar Gana ta haramta tsaga katakon sayarwa da zarton inji tun 1998. Madobiya, wadda aka yi wa saran ƙare-dangi a Taraba da maƙwabtanta ana lodinta zuwa ƙasar Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikin duniya tun farkon 2017. Matashin da ke son ya daɗe a sana'ar ya nemi takardar ma'aikatar gandun daji da yardar mai gona, ya kuma bar ɗorawa da kaɗanya masu ciyar da gida a tsaye. Aikin sassabe darbejiya da turare a cikin gari, da kwashe itacen da iskar farkon damina ta kayar, ba ya ƙarewa.

Zarton da za a ajiye fiye da wata ɗaya, kamar yadda ake yi in aikin gona ya kankama, ba a rataye shi da mai a ciki. A juye tanki, a tayar da shi ya yi silo har ya mutu da kansa, don kafireta ta bushe, tantaninta kada ya kwana cikin mai mai tsami. A cire sarƙa a wanke a shafa mata mai, a share haƙarƙarin silinda, a ɗiga man 2T kaɗan ta ramin fulogi a ja igiya a hankali sau biyu ko uku, sannan a mayar da fulogi. A cusa ƙyalle a bakin salansa saboda zanzaro, a ɗaura masa zare mai tsawo don a tuna a cire shi ranar da za a koma daji.